Kukan Inji Ta Bayan Katanga

Takur, Dutse
Farkon Satumba

Zuwa ga Dada,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kuna lafiya ke da maigidanki Abdulrauf, kuma ruwan Legas bai kwashe ku ya zuba a teku ba. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Damina ta yi kyau, gero ya fara sunkuyar da kai. Innarki Hindatu tana fama da gwiwa kamar kullum, amma bakinta lafiyarsa ƙalau.

Za ki yi mamakin ganin takarda a hannun Ɗan'inna direba alhali ga waya a aljihun kowa. To, wayar ce ta gagare ni. Ran nan da kika kira na yi ta cewa "to, madalla, madalla," ashe gaya mini kike kin yi zazzaɓi. Sai da Innarki ta ƙwace wayar ta harare ni. Sunan mahaifiyata gare ki, shi ya sa tun ranar da ƙanena ya rasu aka kawo mini ke a goye ban taɓa kiranki da komai ba sai Dada, don haka ba zan ɓoye miki ba. Kunnena ya tafi. Na hagu ya daɗe da yin sallama, yanzu na dama ma ya ɗauki takalminsa. Likita ya ce ƙarar inji ce ta shekara da shekaru, kuma babu maganin da za a ɗiga ya dawo.

Ba surutun mutane nake kewa ba, na ji wanda zai ishe ni har in mutu. Aikina nake ji wa. Malam Ikrima na Buji, mai injin sussukar nan da ƙauyuka ke bin layi a kansa da kaka, ya kawo mini giyar cikin injin, faifan ƙarfen nan mai haƙora da ke juya shi, haƙoranta sun zube. Injin tsoho ne, ya zaga Kano kaf bai samu irinta ba. Na yanko ƙarfe daga tsohon shaf na tirela, sandar nan mai juya taya, na daidaita shi, na ɗaura a kan injin milin ɗinmu mai sassaƙa ƙarfe don in fitar da haƙoran ɗaya bayan ɗaya. Kin san halin irin wannan ƙarfe, nan taushi can tauri, kuma ido ba ya gani. Kin kuma tuna abin da na koya miki lokacin da sai kin hau bulo kike kai wa teburin injin: wuƙar injin, mai yankan ƙarfen, tana faɗa kafin ta karye. Muryarta ce ke canjawa, sai mutum ya sassauta hannu. To, ta faɗa, ni ne ban ji ba. Sai gani na yi haƙoranta biyu sun yi tsalle sun faɗi ƙasa.

Na gwada ɗora tafin hannu a jikin injin ko zan ji ta nan, amma tsohon nan ko'ina rawa yake yi, hannu ba ya bambance rawar lafiya da ta ciwo. Na aika Kano a kawo mini wata wuƙar. Kada ki ɗaga hankalinki, na faɗa miki ne kawai don ki daina zaton ina share ki a waya.

Baffanki,
Maharazu

*

Ikeja, Legas
Tsakiyar Satumba

Zuwa ga Baffana,

Wa alaikumus salam. Ina gaisuwa da ladabi, ina gaida Inna da jiki. Zazzaɓin ya tafi tuni, kuma na yafe maka madallar da ka yi masa. Abdulrauf yana gaishe ka ƙwarai.

Baffa, a bakin ƙofar kamfani Ɗan'inna ya miƙo mini takardarka, na tsaya nan na karanta, sai da maigadi ya tambaye ni ko rasuwa aka yi. Na ji haushin kaina. Na daɗe ina lura kana amsa mini abin da ban tambaya ba, na ɗauka tsokana ce irin taka.

Ga ƙaramin akwati nan na ba Ɗan'inna. Na'urar ƙara ji ce, ana maƙala ta a bayan kunne. Don Allah ka sa ta, kada ka ajiye ta a kan durowa tare da tabaran da na saya maka bara.

Batun giyar Malam Ikrima kuwa, abu ne mai sauƙi. Ka ba Ɗan'inna tsohuwar ya kawo mini. Injin da nake aiki da shi a nan shi ma milin ne, amma kwamfuta ce ke tuƙa shi. A rufe yake ruf, ta gilashi ake leƙen aikin, ruwan sanyaya wuƙa yana ta feshi a ciki. In wuƙa ta gamu da tauri shi da kansa yake rage gudu, ba ya buƙatar kunnen kowa. Na yi wa ogana magana ya yarda. In na auna ta da safe, kafin la'asar an gama.

Ina tsoro ne, Baffa. Wannan karon haƙoran wuƙa ƙasa suka faɗi, wani karon fuska za su nufa. Ka yi wa injin nan bauta tun kafin a haife ni. Ina ganin lokaci ya yi da za ka huta, ka bar mu mu ɗauka.

'Yarka,
Khadijatu

*

Takur, Dutse
Ƙarshen Satumba

Zuwa ga Injiniya,

Salamu alaikum. Muna lafiya. Saƙo ya iso, an gode.

Na sa abin kunnen. A cikin ɗaki yana da ɗan amfani. A shago kuwa komai yake ƙara wa murya, janareta da babur da mai tallan awara, duk su haɗu su zama guduma ɗaya a tsakiyar kaina. Na cire.

Malam Ikrima bai kai giyarsa Legas ba, Takur ya kawo ta. Ina murna da injinku ba ya buƙatar kunnen kowa. Nawa yana buƙata, haka aka ƙera mu ni da shi. Batun hutu kuma na ji. Ban san har na kai a ɗauke mini ba, amma tunda masu ilimin abin sun faɗa, zan duba.

A gaida Abdulrauf.

Maharazu

*

Ikeja, Legas
Farkon Oktoba

Baffa,

Ina gaisuwa, ina fata kuna lafiya. Sau biyu Ɗan'inna yana zuwa Legas, sau biyu yana juya mini tafin hannu babu komai. Na kira Inna, layin yana ta yankewa, abin da na iya ji kawai shi ne "yana nan."

Tun da na yi wayo ban taɓa jin ka ce mini komai ba sai Dada. Wannan "Injiniya" da ka rubuta ta fi mari zafi. Ban ce ka gaza ba, Baffa. Tsoro na ce ina ji, kuma har yanzu ina jin sa. Ko layi ɗaya ne ka rubuto mini, ko na faɗa ne.

'Yarka,
Khadijatu

*

Takur
Oktoba

Dada 'yata,

Sallama da gaisuwa. Ni ce Innarki. Ki yi haƙuri da rubutun, na ajin yaƙi da jahilci ne, kuma rabona da biro tun ana ba mu alli kyauta. Gwiwa da sauƙi. Akuyarki ta haifi biyu.

Ba zan iya faɗa miki wannan a waya ba, don ko ba ya ji yana kallon bakina. Takardunki duka sun zo, suna ƙarƙashin matashinsa. Ba fushi yake da ke ba, kunya yake ji. Wuƙar da aka kawo daga Kano ita ma ta karye, kwana kaɗan bayan ya aika miki waccan takarda ta taurin kai. Ta lalata masa ƙarfen ma, sai da ya sake yanko wani. Yanzu saura guda ɗaya, wadda ta zo tare da injin, da yake naɗe da ita a tsumma mai mai. Ya ce mini in ita ma ta karye zai rufe shagon, ya kira masu sayen ƙarfe a kilo su zo su kwashe injin. Kin san shi, in ya faɗa ya gama.

Tun daga ranar bai kunna ba. Da safe ya buɗe shago, ya share, ya goge teburin injin, ya zauna yana kallon titi. Tuwo sai ya tsakura ya ture. Malam Ikrima ya zo sau biyu, mutumin kirki, bai ɗaga murya ba, amma an fara yankan gero a Buji, kuma mata sun fara tambayarsa ko bana a turmi za su yi sussuka.

Abin da ya fi ci mini rai, Dada, duka biyun a kunnena suka karye. Kin san madafata bango ɗaya ne da shagon. Ran ta biyun ina tankaɗe, ina jin injin yana tafiyarsa daidai, shuu, shuu, kamar ana sheƙe hatsi. Can sai muryar ta sirance, ta koma kamar cokali yana kankare ƙanzo a gindin tukunya. Gabana ya faɗi. Na yar da rariyar na yi ta buga bango ina cewa Malam tsaya, Malam tsaya. Wa zai ji ni? Kafin in ja ƙafar nan in zaga ta zaure, na ji ƙas.

Ni ban san sunan komai a shagon nan ba, ban taɓa taka cikinsa ba sai in an rufe ƙofar titi zan ɗauko kwano. Amma tun ina amarya da kukan injin nake sanin irin fuskar da zai shigo mini da ita. In ya yi ta sheƙe hatsinsa har azahar, to zai shigo yana tsokana. In na ji ƙanzo, sai in kawar da yara daga hanya. Yanzu gidan ya yi tsit, ni ma ba na jin daɗinsa.

Kada ki ce masa na rubuto. Ko kuma ki faɗa, me zai yi mini.

Innarki,
Hindatu

*

Ikeja, Legas
Oktoba

Zuwa ga Baffana,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fata wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Na roƙi Ɗan'inna ya ba ka ita hannu da hannu ya tsaya har ka buɗe.

Da farko ka yafe mini. Ka kawo mini ciwonka, ni kuma na yi maka tayin ɗauke aikin daga hannunka, kamar aikin ne ciwon. Na janye maganar hutu. Na janye maganar aiko da giya. A Takur za a yanke ta.

Inna ta rubuto mini, kuma ta ce in faɗa maka in na ga dama, me za ka yi mata. Baffa, ka san duka wuƙaƙen nan biyu ta ji za su karye kafin su karye? Ta kwatanta mini kukan, wallahi ko ni da na tsaya a gefenka shekaru ba zan faɗe shi daidai haka ba. Da na karanta sai na tuna, ina ƙarama muna madafa sai ta ɗaga kai ta ce, "Tashi ki bar bakin zaure, Baffanki zai shigo da zafi." Na ɗauka wani sirri ne na matan aure. Ashe injin take saurare.

Ga roƙona. Hannunka lafiya yake, idonka lafiya yake, lissafin rabon haƙora yana kanka. Kunne kaɗai ka rasa, kuma akwai shi a gidan. Ka sa mata kujera a gefen injin, inda za ka riƙa ganin ta. In murya ta canja ta ɗaga hannu, kai kuma ka sassauta. Kafin ka ɗora wuƙar ƙarshe, ka gwada kunnen Inna da guntun ƙarfe da ɗaya daga cikin wuƙaƙen da suka lalace, ka gani da idonka.

Har yanzu ina tsoro, ba zan yi maka ƙarya ba. Ka sa gilashin kare ido, ko don ni.

'Yarka,
Khadijatu

*

Takur
Oktoba

Dada,

Gaisuwa. Muna lafiya. A gurguje nake, Ɗan'inna yana zaure yana jira.

Ya karanta. Ya daɗe yana kallona kamar yau aka kawo ni gidan. Ya ce, "Ke da gaske kina ji?" Na ce to me kake zaton nake yi da kunnuwan. Ya gwada ni da guntun ƙarfe kamar yadda kika ce, bayan ya rufe ƙofar titi. Sau uku ina ɗaga hannu, sau uku yana tsayawa ya duba ya ga gaskiyata ce.

Amma ya ƙi. Ya ce aikin giya ba na rufe ƙofa ba ne, yana son hasken rana, kuma shago a bakin titi yake, kanikawa da direbobi suna shiga suna fita da bakinsu marar linzami. Ya ce matarsa ba za ta zauna a tsakiyar maza da tsufanta a riƙa nuna ta ba, gara injin ya tafi a kilo. Ni ma gaskiya ba zan iya zaman ba. Ya ce ranar Asabar zai ɗora wuƙar shi kaɗai, abin da Allah ya yi shi ne daidai.

Ban yi masa musu ba. Ki bar ni da shi, ki yi mana addu'a.

Innarki

*

Takur, Dutse
Farkon Nuwamba

Zuwa ga Dada,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina fata kuna lafiya ke da Abdulrauf. Mu nan lafiya lau. An gama yankan gero, dawa ta kusa. Na yi jinkirin amsa, kuma waccan takarda da na rubuta miki ki yaga ta, ba ni ba ne, zuciya ce.

Ranar Asabar ɗin na buɗe shago na tarar da baƙon abu. Wani jan ƙyalle, yagen tsohon zanin Innarki, yana reto daidai saitin idona a saman injin. An ɗaure shi da igiyar shanya, igiyar ta bi ta kan ƙusa a jikin azara, ta shige ramin nan na bango da tsohuwar wayar wuta ta bi. Na zaga cikin gida da niyyar faɗa. Na same ta zaune a kan kujerar tsugunno ta jingina da bangon, ɗaya bakin igiyar a naɗe a hannunta. Ta matso kunnena na dama ta ce, "Ban shiga shagonka ba. Ina madafata. In kuma an hana mace jan igiya a madafarta, sai a faɗa mini." Na koma shago.

Na sa gilashin da kika ce. Na warware wuƙar daga tsummanta na ɗaura, na yi bisimilla, na kunna. Haƙorin farko ya fita lafiya, na biyu ma haka. Ina cikin na uku ƙyallen ya fara tsalle. A idona komai daidai yake, ɓarɓashin ƙarfen yana zuba fari tas, bai ko fara shuɗin ɗaukar zafi ba. Zuciyata ta ce tsohuwar nan tsoro ne ya kama ta. Amma na sassauta hannu, na riƙa tura teburin a hankali kamar mai lallaɓa jariri, har ƙyallen ya kwanta. Da na tsayar na duba gurbin, sai ga wurin yana ƙyalli, taurin da ke ɓoye a cikin ƙarfen ke nan. Da na bi zuciyata da a nan aikina ya ƙare.

Daga nan ban ƙara yi wa ƙyallen gardama ba. Aikin da da nake gamawa a yini ɗaya sai da ya ci mana kwanaki, don ƙarfen nan mugu ne. Duk tsawon kwanakin ba a ɗora tukunya da rana a gidan nan ba, wai tafasar ruwa tana hana ta ji. Ta aika maƙwabta su dakata da daka. Zakaranmu ma a ƙarƙashin kwando ya yi zamansa. Garin kwaki muka yi ta sha kamar gwagware, kuma ban taɓa jin daɗinsa haka ba.

Giya ta fita, wuƙa ko gezau. Na kai ta Buji da kaina na ɗaura. Ban ji tashin injin ba, amma na ga gero yana zuba ta baki, na ga matan da ke layi sun fara gyara buhunansu. Malam Ikrima yana ta magana, ni dai na ce masa madalla, kuma ina jin wannan karon ta dace.

Da na dawo na tambaye ta tun yaushe ta san kukan injin. Ta ce tun makon da aka kawo ta. Dada, duk shekarun nan ina ɗauka ni kaɗai nake tsaye a kan injin nan. Ashe duk wuƙar da na taɓa ɗaurawa akwai mai zaune a bayan bango gabanta yana faɗuwa tare da nawa, ban taɓa tambaya ba, ita ma ba ta taɓa faɗa ba. Abin ya daɗaɗa mini rai, ya kuma ba ni kunya, ban san wanne ya fi yawa ba.

Shekaranjiya da yamma na kashe inji ina shara, sai na ga ƙyallen yana motsi. Na dubi injin, a kashe yake. Na zaga da sauri ina zaton gwiwar ce. Na same ta zaune lafiya lau, ga shayi ta haɗa. Ta ce ba komai, tun da kunnena ya toshe ba ta ƙara kirana daga nesa na amsa ba, shi ne ta ce bari ta gwada. Na zauna na sha shayin.

Shago yana nan a buɗe, ki gaya wa injinku mai kwamfuta. Sai dai yanzu aiki ba kullum ba. Jiya wani ya zo da shaf ɗin famfon ban-ruwa a yanka masa gurbi, yana ta sauri. Na ce masa ya dawo jibi. Ya ce ga wuta an kawo, ga ka zaune, me ya hana yau? Na ce masa kunnena ya tafi bikin suna a garin Kafin Hausa, sai gobe da yamma zai dawo.

Baffanki,
Maharazu